Tabarau da ke sa yaro ya manta da zafin gashi

Yaron da ya yi makonni kwance a ɗakin kulawa ta musamman, tsokarsa kan saki, gaɓoɓinsa su sandare. Maganin shi ne gashi, wato motsa jiki, da wuri, amma wane yaro zai yarda a riƙa lanƙwasa masa hannun da ke ciwo?

Nan ne wasu asibitocin Amurka ke sa wa yaro tabarau mai nuna duniyar da kwamfuta ta ƙera. Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington ne suka fito da wani wasa na irin wannan tabarau mai suna SnowWorld domin masu ƙunar wuta a Seattle. Maras lafiya ya tsinci kansa cikin kwazazzabon ƙanƙara, yana jifan tsuntsayen fengwin da curin dusar ƙanƙara, likitan gashi kuwa na miƙe masa gwiwar hannu. Dabarar mai sauƙi ce: hankalin da wasa ya ɗauke ba ya sauraren ciwo sosai.

Ba kowane yaro ne tabarau ya dace da shi ba. Wasu jiri kan kama su, kuma dole a goge tabarau da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin wani ya saka.