Agogon ina? Yadda awa ɗaya ke sauya ranar biyan kuɗi a Agege

A unguwannin Hausawa na Agege, ciniki kan kai tsakar dare. Motocin shanu daga Arewa kan iso mayankar Oko-Oba cikin dare, kuma wani ɓangare na kuɗin da ke sauya hannu ta waya ko ta na'urar POS yake bi. Idan aka sami saɓani, rasit ne shaida, kuma abin da aka fara dubawa a jikinsa shi ne rana da lokaci.

A ɗauki misalin mahaucin da ya yi alkawarin biyan dillali ranar 1 ga Fabrairu, ya kuma tura kuɗin da ƙarfe 12:20 na dare. Wayarsa ta nuna 1 ga Fabrairu. Takardar da aka fitar daga uwar garken kwamfuta kuwa tana iya nuna 31 ga Janairu, ƙarfe 11:20 na dare. Dillali na iya cewa wannan biyan bashin watan jiya ne, na sabon wata yana nan. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Lokaci guda ne aka rubuta da agogo biyu, aka manta a faɗi agogon ina ne.

Yawancin manyan kwamfutoci suna lissafi da agogon bai-ɗaya na duniya, UTC, wanda a aikace daidai yake da na GMT. Agogon Najeriya yana gaba da shi da awa ɗaya. Saboda haka duk abin da ya faru a Legas ko Abuja tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 1 na dare, a lissafin UTC jiya ya faru. Bahaushe ya san irin wannan tun da: daren Juma'a a wajensa daga magaribar Alhamis yake farawa, alhali a kalandar ofis har yanzu Alhamis ce.

Don kauce wa ruɗani aka fitar da ƙa'idar ISO 8601 a shekarar 1988, sannan aka tsara wani sauƙaƙan nau'inta na intanet mai suna RFC 3339 a 2002. Ana jera shekara, wata, rana, awa, minti da daƙiƙa, a ƙarshe a rubuta tazarar da ke tsakanin agogon wurin da UTC. Biyan mahaucin zai kasance 2025-02-01T00:20:00+01:00. A agogon duniya kuma 2025-01-31T23:20:00Z, inda harafin Z ke nufin babu tazara. Duk manhajar da ta karanta rubutun biyu daidai za ta gane lokaci ɗaya ne.

Matsalar tana shigowa ne idan wutsiyar nan ta +01:00 ta faɗi a hanya. Wani mai tsara manhaja yakan yanke ta don rasit ya yi kyau a ido. Wani kuma yakan liƙa Z a ƙarshen lokacin Legas, sai bayanin ya goce da awa ɗaya ba tare da kowa ya lura ba. Idan aka tura lokacin a cikin adireshin intanet ba a killace alamar tarawa ba, tana iya rikiɗa ta koma gurbi, manhajar da ta karɓa ta ƙi rubutun ko ta yi zato. Haka nan idan aka kwashe bayanai zuwa Excel, wanda ranakunsa ba su da gurbin tazara.

Hausawan Agege suna hulɗa da agogo fiye da ɗaya. Ɗan'uwa a Yamai ko Kwatano agogonsa ɗaya da na Legas. Na Kumasi yana baya da awa ɗaya. Na Makka yana gaba da awa biyu, na Dubai da uku, mai kaya a Guangzhou da bakwai. Landan ce ta fi rikitarwa: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonta daidai yake da na Najeriya, sauran watannin kuma tana baya da awa ɗaya. Manhajar da aka gwada a watan Yuli kan uwar garke mai agogon Landan za ta yi aiki lafiya, sai Nuwamba kuskuren ya fito.

Shi kansa agogon Najeriya yana da tarihi. Kundin yankunan lokaci da hukumar IANA ke kula da shi, wanda wayoyi da kwamfutoci ke dogaro da shi, ya nuna cewa Legas ta taɓa bin agogon ranarta, minti 13 da daƙiƙa 35 gaba da GMT. A ranar 1 ga Janairu, 1914, aka mayar da tazarar rabin awa, sai a ranar 1 ga Satumba, 1919, ta zama awa ɗaya cif. A kundin, sunan yankin Africa/Lagos ne har gobe, babu na Abuja. Shi ya sa ma'aikacin da ke zaune a sakatariyar tarayya zai iya ganin sunan Legas a saitin kwamfutarsa. Wannan suna yana ɗauke da dokokin yanki da tarihinsu, ita kuwa +01:00 tazarar wannan lokacin kawai take faɗa. Taron da za a yi da Landan bayan wata uku, da sunan yanki ya kamata a ajiye shi.

Abin da ke raba mahauci da dillali yana iya faruwa a kowace ma'aikata. Kuɗin da ya shiga da ƙarfe 12:30 na daren shiga 1 ga Janairu zai iya bayyana a rahoton shekarar da ta wuce. Takardar neman kwangila da aka tura minti goma bayan cikar wa'adi za ta iya fitowa kamar ta riga wa'adin da minti hamsin. Ga kuma 03/04/2025, wanda a Abuja 3 ga Afrilu ne, a manhajar da ke bin tsarin Amurka kuma 4 ga Maris.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Duk sanarwar da ke da wa'adi ta ambaci "agogon Najeriya" a fili. Duk ma'aikatar da za ta karɓi sabuwar manhaja ta sa sharaɗin ajiye lokaci tare da tazararsa, a kuma gwada ta da bayanin ƙarfe 12:30 na daren shiga sabon wata. Jami'in da aka kawo wa takardu biyu masu saɓanin awa ɗaya daidai, kafin ya rubuta wa wani takardar tuhuma, ya fara tambayar sashen kwamfuta da wane agogo aka rubuta kowacce.