Kyamarar Filim Mai Shiga Ruwa: Me Za Ta Tsinana wa Bakano?

Daga Ƙofar Nasarawa zuwa bakin teku a Legas tafiyar kilomita wajen 1,000 ce. Ruwan da ɗan cikin birni ya tashi yana gani bai wuce na rijiya da kududdufi da kwatar Jakara ba. Don haka idan aka ce wa mutumin Yakasai ko Mandawari ga wata kyamara da ake nutso da ita a ɗauki hoton kifi, ba a ga laifinsa ba in ya ce ina ruwansa. Sai dai wannan 'yar na'ura, wadda aka ƙera don masu yawon shaƙatawa a gaɓar teku, tana da aikin yi a Kano, ko da yake ba aikin da masu ƙera ta suka nufa ba ne.

Kyamarar ta roba ce, ba ta da nauyi, kuma tana zaune cikin wani akwatin roba garai-garai mai maƙulli. A bakin murfin akwai zoben roba da ke toshe duk wata kafa idan an rufe. Mafi arha daga cikinsu ba su da batir, ba su da allo, ba a yi musu caji. Ana sa musu filim mai faɗin milimita 35, irin wanda masu hoto suka yi shekaru suna yawo da shi gidajen biki da suna, mai ɗaukar hoto 24 ko 36. Mutum ya danna, ya murɗa filim ya matsa gaba, ya sake dannawa. In filim ya ƙare a naɗe shi a cire, a sa sabo. A nan ta bambanta da 'yar uwarta mai amfani sau ɗaya, wadda ake miƙa wa mai wanki ɗungurungum, ya fasa ta ya ciro filim.

Sha'awar ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa tsohuwa ce. A 1856 wani Bature mai suna William Thompson ya zura kyamara cikin teku a kudancin Ingila, ya samo hoto dishi-dishi. A 1893 Louis Boutan, masanin halittun ruwa ɗan Faransa, ya nutsa da kansa da ƙaton akwati ya ɗauko hotunan da ake iya gane abin da ke cikinsu. Sai a 1961 aka fito da Calypso, ƙaramar kyamarar da ba ta bukatar akwati, wadda Jean de Wouters ya tsara tare da shahararren mai nutso Jacques Cousteau. Kamfanin Nikon na Japan ya karɓi ƙirar, ya fitar da ita da sunan Nikonos a 1963, aka ci gaba da yin ta har 2001. Waɗannan duk kayan ƙwararru ne masu tsada.

Talaka ya samu shiga ne bayan 1986, lokacin da Fujifilm ya fito da QuickSnap mai amfani sau ɗaya, Kodak ya biyo baya a 1987. Ba a daɗe ba aka sa wa irinsu rigar ruwa. Har yau ana sayar da su da filim mai hoto 27, ta Fujifilm tana jure zurfin mita 10, ta Kodak mita 15. Masu arhar da ake sake zuba wa filim yawancinsu ba sa kai haka, 'yan mitoci kaɗan ne iyakarsu, kuma ana rubuta adadin a jikin kwali.

To ina Bakano zai nutsa da ita? Ruwa dai akwai. Madatsar Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana kudu da birni kimanin kilomita 70. Ga Bagauda, ga Challawa da ke Ƙaraye. Matsalar ita ce ruwan madatsa ɗauke yake da laka, musamman da damina, kuma kyamara ba ta ganin abin da ido bai gani ba. Wanda ya tsoma ta a Tiga a watan Agusta zai biya kuɗin wanki ya karɓi kati mai launin ƙasa, babu kifi babu mutum. Haka abin yake a kogin Matan Fada na Argungu, inda dubban masunta ke dama ruwa da homa da gora. A irin waɗannan wurare amfaninta a saman ruwa yake: cikin kwale-kwale, ko a bakin gaɓa inda feshi ke jiƙa kowa. Kududdufan cikin gari kuwa ba wurin shiga ba ne sam, ga haɗarin nutsewa, ga tsargiya.

Ruwa mai haske sai a wuraren ninƙaya na otal-otal, ko kuma ga wanda Allah ya hore wa tafiya Bahar Maliya ta wajen Jidda ko Masar, ko tsibirin Zanzibar. Ko a can ma ruwa yana da nasa sharuɗɗan. Yana shanye haske, kuma launin ja ne ke fara ɓacewa, ta yadda a zurfin mita 5 jar riga za ta koma kamar baƙa, komai ya rine shuɗi. Yana kuma sa abu ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya bisa uku, ya zama kamar ya matso, sai mai ɗauka ya zaci ya isa kusa alhali da saura. Ga shi idon waɗannan kyamarori a kafe yake, ba a juya shi. Shi ya sa masu harkar ke cewa a tsaya tsakanin mita 1 da 2 daga abin da za a ɗauka, kada a yi nisa da saman ruwa, a ɗauka daga hantsi zuwa azahar, rana tana bayan mai ɗauka. Filim mai lamba 400 ko 800 ya fi dacewa, don ya fi kama haske kaɗan.

Babban aikin kyamarar a cikin ganuwa ba ya bukatar ninƙaya ko kaɗan. Zoben da ke hana ruwa shiga shi ne ke hana ƙura. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, dawakin hakimai na sukuwa suna zuwa jafi, ya san yadda ƙura ke turnuƙewa ta shiga hanci da aljihu da kowace kafa ta waya. Hukumar UNESCO ma ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024. Sallah kuma zagaya shekara take yi, wata shekara ta faɗo cikin hazon hunturu, wata cikin marka. Kyamarar roba ba ta damu da ko wanne ba. In turereniya ta sa ta faɗi, ko wani mai dogon hannu ya yi gaba da ita, asarar ba ta kama ƙafar ta waya ba, wadda lambobin mutum da asusun bankinsa ke ciki. Haka a karofin Ƙofar Mata: in baba ya fallatso, a ɗauraye akwatin, shi ke nan.

Arhar kyamarar kuwa kada ta ruɗi kowa, don kuɗin yana ga filim da wanki. Ba a yin filim a Nijeriya, daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala. Tun da wayar GSM ta shigo a 2001, daga baya masu kyamara suka cika gari, ɗakunan wanki suka koma buga hoto daga waya da kwamfuta. Kodak kansa, wanda injiniyansa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, sai da ya shiga kotun masu karayar arziki a 2012. Matasan Turai da Amurka da Japan ne suka farfaɗo da filim a 'yan shekarun nan, saboda son launinsa da ɗokin jiran abin da zai fito. Mai saye a Kano gara ya fara gano wanda zai wanke masa kafin ya biya kuɗin kyamara, ko da sai an aika wani gari.

Zafi ma abokin gabar filim ne. Sinadarin wankin filim mai launi ana riƙe shi a digiri 38 daidai, na 'yan mintuna kawai, amma a watan Afrilu iskar Kano kanta takan haura 40. Filim ɗin da ya wuni a mota a rana launinsa zai gurɓace tun kafin a ɗauki komai. A ajiye shi a firji cikin kwalinsa, a fito da shi ya huce kafin a buɗe. Matafiyi ta filin jirgin Malam Aminu Kano kada ya sa shi a jakar da za a auna a kai cikin jirgi, domin na'urar binciken manyan kaya tana ƙona shi. Ya riƙe a hannu, ya roƙi jami'ai su duba da ido.

Kafin a amince wa sabon akwati, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A cire kyamarar, a sa busasshiyar takarda a ciki, a rufe, a danna shi cikin bokitin ruwa na ɗan lokaci. In takardar ta fito a bushe, zoben lafiya lau yake. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi a kan zoben ya isa ya buɗe wa ruwa hanya, don haka a share shi duk lokacin da za a canja filim, kuma a yi canjin a ɗaki, da busassun hannuwa. Wanda ya shiga teku da ita ya jiƙa akwatin cikin ruwan famfo tun yana rufe, gishirin ya narke, ya goge shi tas, sannan ya buɗe maƙullin.