Injin da ke Ɗanɗana Mai Kafin Ya Sha

A jihohin Amurka masu noman masara, irin su Iowa da Minnesota, gidajen mai da dama suna da famfo mai alamar E85. Abin da ke fitowa daga cikinsa fetur ne da aka gauraya da itanol, wato barasar da ake tacewa daga masara. Motocin da aka ƙera don shansa suna ɗauke da tambarin FlexFuel, galibi da murfin tanki ruwan ɗorawa, kuma akori-kura irin su Chevrolet Silverado da Ford F-150 na cikinsu.

Lambar 85 ɗin nan ba abin dogaro ba ce. Ƙa'idar Amurka ta yarda itanol ɗin ya kama daga kashi 51 zuwa 83 cikin ɗari, domin da hunturu ana ƙara fetur, kasancewar itanol ba ya saurin zama tururi cikin sanyi. Direba kuma yakan zuba fetur yau, gobe E85, su haɗu a tanki. Ke nan wajibi ne inji ya san abin da ake ba shi.

Dalili kuwa lissafin iska ne. Kilo ɗaya na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Itanol zalla kilo 9 kawai yake nema, domin da oksijin ɗinsa yake tafe. Saboda haka injin da ke kan E85 sai an ƙara masa mai da kusan kashi 30 cikin ɗari. In an rage masa, ya yi zafi har fistin ya lalace. In an wuce da shi, ga baƙin hayaƙi a salansa, ga fulogi ya yi dauɗa.

Hanya biyu kwamfutar mota take bi ta gane kason itanol. Wasu motocin suna da na'ura a kan bututun mai wadda ke aika sigina: bugu 50 a daƙiƙa na nufin babu itanol, bugu 150 na nufin zallarsa. Wasu kuwa, kamar akori-kurar General Motors da yawa na wajen 2006 zuwa 'yan shekarun bayanta, ƙiyasi suke yi. Da an sha mai, sai kwamfuta ta lura da abin da na'urar oksijin ta salansa ke nunawa, ta yanke hukunci. Arha ce ga kamfani, amma a ganina rowa ce da ke komawa kan mai mota, don ƙaramar kafar iska ko famfon mai da ya gaji kan sa ta yi zaton itanol ne ya ƙaru.

Shi ya sa gwanin saiti ba ya fara taɓa taimin. Yakan ɗebi mai a kwalbar gwaji ya zuba ruwa, itanol ya bi ruwan ya rabu da fetur, ya kwatanta da abin da kwamfuta ta ce. Sannan ya duba ko famfo da nozul za su iya kai ƙarin man idan an taka totur. Sai bayan nan ya ci ribar itanol: oktan ɗinsa ya haura 100, yana kuma sanyaya iskar da ke shiga, don haka ana iya gabato da tartsatsin fulogi ba tare da inji ya yi ƙwanƙwasa ba.

Tayar da inji da sanyin safiya aiki ne daban. Brazil, wadda ta fara shirin itanol na rake a 1975 ta kuma fitar da Volkswagen Gol mai shan kowanne a 2003, ta daɗe tana maƙala wa motocinta ɗan tankin fetur don wannan kaɗai, kafin a koma ɗumama man da lantarki.

Motocin FlexFuel suna shigowa ƙasashenmu cikin na hannu daga Amurka, alhali ba a sayar da E85 a gidajen manmu. Wadda ƙiyasinta ya kauce takan yi ta zuba mai fiye da kima, mai ita ya yi ta sauya fulogi. Bakanike ya haɗa na'urar bincike ya karanta kason itanol da ta rubuta. In ya ga 60 a tankin fetur, ya gyara abin da ya ruɗe ta, ya mayar da lambar ƙasa.