Mi ne ne girgije cikin aikin kwamfuta?

Hirarmu ta yau a kan abin da ake kira girgije take. Kun sha jin an ce hoto ko takarda tana ajiye cikin girgije. To, ku sani ba a sama take ba. Girgijen nan gida ne a ƙasa, cike da dubban kwamfutoci, da wutar lantarki dare da rana, da injunan sanyaya ɗaki. Kamfani ke da gidan. Ku kuwa haya kuke yi, kuna isa wurin ta hanyar intanet.

Ku ɗauki misalin rumbun tsimi. Kowa ya kawo hatsinsa, a auna, a rubuta, mai tsaro ya kula. Haka ma'aikata ko ɗan kasuwa ke yi: maimakon ya sayi manyan na'urori, sai ya yi haya, ya biya gwargwadon abin da ya yi aiki da shi. Kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe irin wannan haya a shekarar 2006. Microsoft ya buɗe gidajensa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi baya a 2020.

Yaya na'ura guda take isar mutane da yawa? Ana raba ƙarfinta kashi-kashi, kowane kashi yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta. Kamar gidan haya ne: rufi ɗaya, amma kowa da ɗakinsa da makullinsa.

Hayar iri uku ce. Ta farko, a ba ku na'ura da wurin ajiya, ku shirya sauran da kanku. Ta biyu, a ba ku wurin aiki shiryayye, ku kawo naku tsarin ku ɗora. Ta uku, a ba ku abu gamamme, kamar Gmail, ku buɗe ku yi aiki kawai.

Yanzu ga abin da ya kamata ku riƙe da kyau. Kamfani yana tsaron gini da na'urori. Amma abin da kuka zuba a ciki, kula da shi a wuyanku yake. Don haka kowace ma'aikata take buƙatar mai kula. Aikinsa huɗu ne. Ya raba makulli, watau ya san wa zai shiga, wa ba zai shiga ba, ya kuma karɓe lambar sirri ga wanda ya bar aiki. Ya sa ido kullum don ya gane matsala da wuri. Ya kashe na'urar da ba a aiki da ita, don kuɗin haya ba ya barci. Ya ajiye kwafi na biyu a wani gari dabam.

Kada ku raina wannan na huɗu. Ran 10 ga watan Maris 2021, gobara ta cinye wani gidan kamfanin OVH a birnin Strasbur na Faransa. Waɗanda suke da kwafi a wani wuri suka koma aiki. Waɗansu da ba su da shi suka rasa ajiyarsu har abada.

Hanya ma tana yankewa. Ran 14 ga Maris 2024, igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga wahala. Ajiya tana nan lafiya, amma isa gare ta ya yi wuya.

Saboda haka, in an ce takardunku suna cikin girgije, ku yi tambaya uku: a wane gari suke, wa ke riƙe da makulli, ina kwafi na biyu? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.