In tsohuwa ta faɗi, kada a yi gaggawar ɗaga ta

A Waca, ranar kasuwa mata kan fita da sassafe, a bar tsofaffi su kaɗai a gida. Santsin makewayi ko dokin ƙofa ya isa ya kayar da tsohuwa.

Ƴar'uwa, in kin tarar da Inna a ƙasa, kada ki fizge ta. Dubi ƙafafunta: in ɗaya ta gajarce, ta karkata waje, alamar karayar ƙugu ce, wadda ta fi ƙarfin maɗori. A kwantar da ita bisa ƙyaure, a kai ta likitar Waca, su tura ta Magarya ko babban asibitin Damagaram. In ta bugu a ka tana amai, kada a jira wayewar gari. Ciniki ya jira, uwa ba ta da madadi.