Mu Koyi Ƙera Fitilar Ado Ta Katako

'Yan'uwa, da zarar an gama girbi an shiga rani, yawancinmu mukan sami lokacin da ba mu da aiki sosai. Matasanmu da yawa sukan tafi cirani, wasu kuma su yini a gindin itace. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya. A wannan fitowa muna so mu nuna muku wani ɗan aikin hannu mai sauƙi, wato ƙera fitilar ado ta katako. Tana ƙawata ɗaki, tana ba da haske mai sanyi da dare, wanda ya ƙware kuma yana iya sayarwa.

Gargaɗi tun da fari

Kada a sa kyandir ko aci-bal-bal ko fitilar kananzir a cikin wannan fitila. Busasshen katako da harshen wuta ba sa zama wuri ɗaya, balle a ɗakin da ke da jinka ko gidan sauro. Ban da haɗarin gobara, hayaƙin kananzir yana cutar da huhu da idanu. Tun a shekarar 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a guji amfani da kananzir a cikin gida. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki shi ma bai dace ba, domin kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Abin da ya dace shi ne ƙwan LED, irin wanda ke cikin tocilan zamani, saboda ba ya zafi sosai kuma ba ya shan wuta.

Wane katako za mu nema?

Ba sai an sare itace ba. Guntayen da kafinta yake zubarwa sun isa, sau da yawa ma kyauta zai bayar. Maɗaci yana da kyawun launi, melaina tana da sauƙin yanka, darbejiya kuma ƙwari ba su cika damunta ba. Ƙirya ta yi tauri da yawa ga mai koyo. Mu bar maɗobiya ta huta. An sare ta har ta yi ƙaranci, shi ya sa a shekarar 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu. Kowane iri aka samu, a tabbata ya bushe sarai. Ɗanyen katako yakan lanƙwashe ko ya tsage bayan an gama aiki.

Kayan da ake bukata

1. Gindi: katako mai faɗin inci 7 kowane gefe, kaurin inci 1.
2. Ginshiƙai 4: kaurin inci 1 kowane gefe, tsawon inci 10.
3. Bango 4 na filawud mai kaurin kwatan inci, tsawon inci 10. Biyu su kasance da faɗin inci 6, biyu kuma inci 6 da rabi.
4. Murfi: filawud mai faɗin inci 7 kowane gefe.
5. Zarto, guduma, ƙananan ƙusoshi, gam na katako, samfefa mai kaushi da mai laushi, farin fenti, da banish.

Yadda ake yi

Da farko a zana adon a kan takarda. Ana iya yin tauraro, ko ganye, ko dagi, ko irin zanen da iyayenmu mata suke yi wa ƙwarya. A shimfiɗa takardar a kan filawud, a bi layin zanen ana ɗiga alama da bakin ƙusa.

Sai hudawa. Wanda ya sami abin huda katako a wurin kafinta ya huta. In babu, a ɗora doguwar ƙusa a garwashi har ta yi ja, a riƙe ta da filaya, a huda da ita. A yi wannan a waje, nesa da yara da ciyawa. A sa wani guntun katako a ƙarƙashi domin kada bayan filawud ɗin ya fashe. Tsakanin rami da rami a bar fili wanda ya kai faɗin ramin kansa, in ba haka ba ramukan za su haɗe, zanen ya lalace.

Bayan haka a goge kowane yanki da samfefa, mai kaushi tukuna sannan mai laushi. A riƙa bin tsawon jijiyar katakon, kada a gicciye ta. A shafa farin fenti a fuskar da za ta kasance ciki, domin fari yana mayar da haske.

In fenti ya bushe, a kafa ginshiƙan a kusurwoyi huɗu na gindin, a bar rabin inci daga baki. A shafa gam, a buga ƙusa daga ƙasa. A fara manna banguna biyu masu inci 6 suna fuskantar juna, sannan masu inci 6 da rabi su rufe bakinsu. Murfin kuwa kada a buga masa ƙusa. A huda masa ramuka kaɗan don iska, a manna 'yan sanduna biyu a ƙarƙashinsa yadda zai zauna daram ba tare da zamewa ba. A ƙarshe a shafa banish sau biyu a waje, a bar shafi na farko ya bushe kafin na biyu. A shanya a inuwa cikin ɗaki, gama ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen banish.

Sa haske

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi ƙaramin ƙwan LED mai bakin USB, wanda ke aiki da bolt 5. A huda rami a gindin, a zura wayar, a jona da fawa-bank ko ƙaramar solar gida. Fawa-bank na kirki mai lamba 10,000 yana iya riƙe ƙwai mai wat 3 har awa 8 zuwa 10. Hanya ta biyu ita ce a ciro ƙwan tsohuwar tocila da gidan batirinta da makunninta, a ɗaure su a kan gindin. A sa adadin batirin da tocilar ke ci tun asali, kada a ƙara, don ƙwan zai ƙone. In bai kama ba, a juya wayoyin biyu, saboda LED ta hanya ɗaya kawai yake karɓar wuta. Kada kowa ya jona da wutar gida mai bolt 230 sai da mai gyaran lantarki. Batirin da ya kumbura ko yake yoyo a cire shi nan take, a ajiye inda yara ba za su kai hannu ba.

Abin lura

Wannan fitila ta ado ce. In yara za su yi karatu, a ɗauke murfin don haske ya fito sosai. Mai son sayarwa ya rubuta kuɗin kowane abu da ya saya, ya haɗa da ladan wahalarsa, kafin ya yanka farashi. Muna ba ƙungiyoyin matasa da zumuntar mata shawara su haɗa kuɗi su sayi zarto da banish tare, su roƙi kafintan gari ya zauna da su a ranar farko. Ta farko ba lallai ta yi kyau ba, amma ta uku za ta fi. Sai mu gwada kafin ruwan shuka ya sauka.