Maƙoƙo da Cututtukan da Ke Ɓuya a Bayansa

A gaban wuyan kowane ɗan Adam, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, Allah Maɗaukakin Sarki ya ajiye wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod, wadda a jikin baligi nauyinta bai cika wuce giram 25 ba, amma ita ce ke zuba wa jini wani sinadari daga jinsin da ake kira homon, wanda ke ƙayyade saurin bugun zuciya da ɗumin jiki da yadda abinci ke komawa ƙarfi. Aikinta irin na zugazugin maƙeri ne, in an tsananta zuga ƙarfe ya narke, in an yi sanyin hannu gawayi ya mutu.

Kowa ya san kumburinta, wato maƙoƙo, wanda galibin sababinsa ƙarancin sinadarin ayodin ne a abinci, shi ya sa tun 1993 hukumar Nijeriya ta wajabta zuba shi a gishirin da ake sayarwa. Abin da ya fi cancantar tanbihi shi ne, tsokar nan tana iya samun illa alhali wuya sumul yake.

Idan ta wuce haddi wajen aiki, abin da ya fi samun mata, sai ka ga baiwar Allah tana cin tuwo sosai amma kullum ramewa take, tana zufa a tsakiyar hunturu lokacin da 'yan gida suka kewaye kaskon wuta, hannunta yana rawa har shayi ya zube kafin kofi ya kai baki, zuciya tana dukan uku-uku, barci ya ƙaurace, wani lokaci idanu su firfito. Nan da nan dangi za su yanke hukunci cewa iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi wata da watanni, zuciya kuwa tana galabaita. Ba wanda ya hana addu'a, amma neman magani a wurin masana shi ma shari'a ta kwaɗaitar da shi. Idan kuma tsokar ta gaza, sai kasala da jin sanyi da ƙiba da taurin bayan gida da bushewar fata su taru, haila ta rikice, ciki ya ƙi shiga ko ya riƙa zubewa. Irin wannan mace, abin tausayi, ita ce uwar miji ke yi wa gorin ƙyuya.

Hujjar da ke raba gardama gwajin jini ne na wani sinadari mai suna TSH. Wannan sinadari wata 'yar tsoka ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke aiko shi don ya zaburar da ta wuya, saboda haka lissafinsa a juye yake, kada majinyaci ya ruɗe: in ya yi yawa a jini alama ce ta wuya ta gaza, in ya yi ƙasa ƙwarai alama ce ta zarce. Inda akwai ƙullutu, likita zai sa a ɗauki hoton wuya, watakila ya tsotso kaɗan da siririyar allura a duba, domin ko da yake mafi yawan irin waɗannan ƙullutai ba ciwon daji ba ne, zato ba ya wadatarwa.

Wanda tasa ta gaza ana ba shi ƙwayar levothyroxine, ya sha da ruwa zalla kafin karin kumallo da kamar rabin sa'a, galibi har ƙarshen rayuwa, kuma jin sauƙi ba izinin dainawa ba ne. Mai juna biyu ma sau da yawa ƙara mata ake yi. Wanda tasa ta zarce kuwa carbimazole ake ba shi, kimanin wata 12 zuwa 18, in ta ƙi a koma ga tiyata ko ayodin mai tururin nukiliya. Tunda cututtukan biyu kishiyoyin juna ne, aron ƙwayar maƙwabciya ganganci ne, haka nan miƙa wuya ga wanzami ya yi tsaga ko sakiya a wurin da manyan jijiyoyin jini suka ratsa. Mai shan carbimazole kuma, da zarar zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ya kama shi, wajibi ne ya dakatar da ita ya tafi asibiti a ranar a auna jininsa, domin a wasu mutane ƙalilan takan karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta.